Ƙulli a Bakin Farin Tob

Labarin ya same ni da hantsi, ina tsaye a tashar hillarmu, wato ƙauyenmu, tare da samarin da na tara domin su ba da jini. Likitan da ke duba ta ya ce hantarta ta gaza, jininta ya daina daskarewa, sai an yi ta ƙara mata sabo. Dalilin da ya sa ke nan na baro ta a asibitin hayin kogi na dawo gida neman mutane. Mota ta cika, direba ya tayar da inji, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Usman ne, mijinta. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Baba, a sallami mutanen."

Na ce masa na ji. Na karanta abin da ake karantawa, na mayar da wayar aljihu, na leƙa ta taga na gode wa samarin, na ce kowa ya koma gonarsa, bukata ta wuce. Babu wanda ya sauka. Da wannan motar, da waɗannan samarin, muka haye kogi muka ɗauko ta.

'Yata ce ta fari. Kakanninmu da suka taso daga yamma da niyyar Makka, suka yada zango a bakin wannan kogi, abubuwa da dama sun zube musu a hanya, amma kunyar ɗan fari ba ta zube ba. Na yi karatun kimiyyar ƙasa a Hartum, na koyar da shi tsawon rayuwar aikina, na bar al'adu da yawa da na ga ba su da tushe. Wannan kam ban bar ta ba. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Tana ƙarama "ke" nake cewa, ko "yarinyar nan." Da ta gama makarantar jinya ta dawo, hilla ta laƙaba mata Sista, ni ma na samu mafita. Da shi zan kira ta a wannan rubutu.

Na ɗauki alƙalami ne saboda abu biyu. Na farko, in gode wa waɗanda suka tsaya mana. Na biyu, akwai tambayar da ke yawo tun ranar jana'iza, wasu a fili, wasu a bayan zana: allurar da ta soke ta, ta wane gida ce? Ina so in faɗi abin da ya halatta in faɗa, in kuma bayyana dalilin da ya sa sauran zai tsaya a wurina.

Tun tana ƙarama ita ce bakin kakarta. Mahaifiyata ta rayu ta rasu a ƙasar nan ba ta koyi Larabci ba sai na salla da na cefane, don haka duk ranar da za a kai ta asibiti a Rusairis, da yarinyar ake haɗa su. Wata rana ta dawo ranta a ɓace. Ta ce likita ya gama rubutu tsohuwa ba ta kai rabin bayaninta ba. Na ce mata ai likita ya san aikinsa. Ta ce, "Baba, ciwo da harshen uwa yake magana." Ba ta shiga sakandare ba a lokacin. Na riƙe maganar.

Da ta fara aiki a shafahanar hillarmu, ɗakin magani mai ɗaki biyu da rumfa, tsofaffi suka same ta kamar an yi musu ruwan farko. Samarinmu yanzu Larabci ya fi zama a bakinsu, ita kuwa takan zauna a ƙasa kusa da tsohuwa ta saurari Hausar da ni kaina na fara mantawa. Rigimarta da su ɗaya ce: mutanenmu ba su yarda an yi musu magani ba sai an huda su. Na taɓa zama a rumfar ina jiran awon jini, na ji ta da Baba Sale masunci.

Ya ce, "Sista, ƙwayar nan taki ba ta san hanya ba. Ki ba ni allura ta tafi kai tsaye."

Ta ce, "Baba Sale, jikinka ya zama rariya. In na ƙara huda ka, shayin da ka sha zai zubo."

"To sai ki toshe da auduga, ya bitti, ɗiyata. Auduga ta ƙare a Sudan?"

"Haɗiye tukuna, ina kallo. Buɗe baki in gani."

Ya haɗiye yana ƙunƙuni, ya fita yana gaya wa mutanen rumfa cewa 'yar Ustaz ta fi ubanta taurin kai.

Akwai wani yaƙin da ta daɗe tana yi, wanda baƙo ba zai lura da shi ba. A nan, allurar asibiti da aka gama aiki da ita dukiya ce. Babu abin da ya kai ta cire ƙaya daga tafin ƙafa, saboda haka akan soke ta a jikin zana ko a azara, gida guda su yi ta amfani da ita, maƙwabta su aro. Da ita wasu iyaye ke huda kunnen jarirai. Sirinjin kuma yara su ɗauka suna fesa wa juna ruwa. Sista ta sa ranta a kan wannan. Takan cika aljihu da dabino, duk yaron da ya kawo mata sirinjin da ya tsinta ta musanya masa. Ga manya kuma takan ce, "Allurar da ta shiga jikin mutum ta zama jininsa. Ba a aron ta, ba a gadon ta." Ba ta taɓa barin allura a gidan da ta shiga ba. Ko an roƙe ta, ko an yi mata fushi, da kayanta take fita.

Da yaƙi ya yanke hanyar arewa, kayan aiki suka fara ƙarewa. Safar hannu ta tafi, sannan akwatunan kwali masu launin rawaya da ake jefa allura a ciki. Makarantar firamare ta cika da iyalan da suka gudo, aikinta ya ninka. Ta samo gwangwanin madara, ta huda murfinsa, ta riƙa yawo da shi gida gida. In ya cika, ta kai ramin da ke bayan shafahana ta ƙone. Ta san doka, ita ce ma ke koya wa sabbin ma'aikata: ba a mayar wa allura murfinta, daga jikin mara lafiya sai cikin akwati.

A wata safiyar damina aka kira ta daga gida, ba ta kai ga shafahana ba, gwangwanin kuma yana can. Gida ɗaya aka ce. Amma duk wanda ya san hillarmu ya san farin tob, mayafin da ma'aikaciya ke naɗe jiki da shi, ba ya wuce ƙofa a bar shi. Zazzaɓi ya yi yawa a lokacin, daga wannan gida aka ja ta wancan, daga can zuwa makaranta. Ba za ta bar alluran ba, ba ta kuma da inda za ta jefa su. Sai ta yi abin da kowace mace a nan ke yi da makulli ko goro ko canji, abin da ta ga kakarta na yi: ta mayar musu da murafansu, ta ƙulle su a bakin tob ɗinta. A hanyar dawowa, wajen tsallake rafi, laka ta kwashe ta. Ta dafa ƙasa da hannun da ke riƙe da ƙullin. Murfi ɗaya ya fita. Matan da ke ɗibar ruwa suka ɗaga ta, suka ga jinin.

Gidana ya fi kusa, nan ta shigo. Ta ce, "Baba, zuba mini ruwa." Na ɗauki buta ina zubawa, tana wanke tafin hannunta da sabulu, ta daɗe tana yi. Raunin bai kai ƙwayar gero ba. Tun tana yarinya ita ke zuba mini ruwan wanke hannu, ban tuna na taɓa zuba mata ba sai ranar. Na tambaye ta riga-kafin ciwon hanta. Ta ce an yi mata ta farko shekarar da ta fara aiki, sauran biyun aka yi ta ɗagawa, yau babu maganin, gobe firji babu wuta. Ta ce akwai allurar da ake yi wa wanda irin wannan ta same shi, amma ba ta jiran kwanaki. A ranar muka shiga Rusairis, muka haye Damazin, muka bi shagunan magani ɗaya bayan ɗaya. Amsa iri ɗaya muka samu: daga arewa take zuwa, hanya kuma a rufe take. A motar dawowa ta ce mini, "Ma'alesh, Baba, ba komai. Yawancin mutane jikinsu kan yi maganin abin da kansa." Gaskiya ta faɗa, na karanta hakan daga baya. Ita dai ba ta shiga cikin yawancin ba.

Ta ci gaba da aiki har aka fara yankan dawa. Sannan kasala ta zo, da tashin zuciya, abinci ya fita ranta. Uwarta ce ta fara ganin idanunta sun yi rawaya.

A asibiti, wata rana da azahar, kafin hankalinta ya fara gushewa, ta aiki uwarta neman ruwan zafi. Ta ce in matso. Ta ce, "Na san ta wane gida ce. Mai koren murfi ɗaya ce a ƙullin, kuma ita ce ta fita." Ta faɗi sunan. Zan ce "shi" a nan don magana ta tafi, kada wani ya gina zato a kan hakan.

Ta ce, "Bai san yana ɗauke da ita ba, ƙalau yake ji. Amma reza ɗaya ake aski da ita a gidan, ga ƙananan yara. A duba jininsa, a yi wa iyalinsa riga-kafi. Sai dai kada ya sani, kada kowa ya sani. Ba shi ya soke ni ba, ni na mayar da murfi. In an kira shi shi kaɗai, an gama faɗa. In za a duba shi, sai a duba kowa."

Na ce, "Me ya sa ni kika gaya wa?"

Ta ce, "Usman in ya gan shi kuka zai yi. Ƙanena Bashir zai kai masa hannu. Inna ba za ta ce komai ba, amma gaisuwarta za ta canza. Kai kuwa, Baba, tun ina yarinya nake kallon fuskarka, ban taɓa karanta komai a kanta ba." Ta yi murmushi. "Yau ta yi rana."

Na ce mata na karɓa. Uwarta ta shigo da ruwan, magana ta tsaya a nan. Washegari ta fara kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa.

A kwanakin zaman makoki na gane nauyin abin da ta ɗora mini. Matan rafi sun riga sun ba da labari, kowa ya san ta inda ciwon ya shiga. Mutane su zo, su ɗaga hannu a yi Fatiha, su zauna. In taro ya ragu, sai ka ga mutum ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa. Baba Sale ya zo haka. Muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Ya Ustaz, ran da ta faɗi, da safe ta yi mini allura, wannan karon ita da kanta ta ce sai an yi. Don girman Allah, tawa ce?" Wata mata daga makaranta ta aiko mijinta da tambayar. Wani maƙwabcina ya yi ta sau biyu. Ban iya ƙarya ba, ban kuma da ikon wanke wani, domin duk wanda na wanke na rage yawan waɗanda suka rage. Amsa ɗaya na ba kowa, da murya ɗaya: "Sista ta bar wasiyya, ranar arba'in kowa ya zo a duba jininsa." Wanda ta ambata ma ya zo ta'aziyya, ba sau ɗaya ba. Ya ɗauki makara tare da mu. Na miƙa masa shayi da hannuna.

Bashir, ƙanenta, shi ya fi ba ni wahala. In ransa ya ɓaci Larabci yake yi, ni kuma da Hausa nake mayar masa. Ya same ni a zaure ya ce, "Kai ka sani. Kana ɓoye wanda ya kashe ta." Na ce babu wanda ya kashe ta. Ya ce, "Mutanen makaranta ne. Kafin su zo ba mu san wannan ciwo ba." Na ji daga baya cewa shi da abokansa sun fara hana yaran makarantar ɗibar ruwa a famfonmu. Na kira shi, na ce, "Yayarka ta shiga makaranta, ta shiga gidan liman, ta shiga gidan nan. Ni ma a daminar nan ta yi mini allura. Daga ni za ka fara?" Duk da haka bai sauko ba. Uwarta kuwa ba ta taɓa tambayata ba. Takan dube ni in wani ya yi sallama, sannan ta sunkuyar da kai. Wannan ya fi mini ciwo a kan faɗan Bashir.

Kafin arba'in hanya ta ɗan buɗe. Abokan aikinta, a ƙarƙashin Sista Nawal wadda ta horar da ita, suka yi ta fafutuka har suka samo kayan gwaji da riga-kafi a cikin akwatin ƙanƙara. Ranar arba'in aka kafa musu tebur a rumfar ƙofar gida, aka zagaye da zana. Aka dafa abincin sadaka kamar yadda aka saba. Ni na fara naɗe hannun riga a gaban jama'a. Daga nan na tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya gama cin abinci ya nufi takalminsa, in kama hannunsa in raka shi har rumfa. Mata kuma uwarta na roƙa ta yi musu haka, ban gaya mata dalili ba, ba ta kuma nema ba. Tun hantsi nake yi, babba da yaro, ɗan hilla da ɗan makaranta, domin idan nasa lokacin ya zo kada wani ya ga bambanci.

Bai zo ba sai bayan azahar. Ya yi Fatiha, ya ci abinci kaɗan, ya miƙe da sauri kamar mai uzuri. Na kama hannunsa kamar yadda na kama na kowa. Ya ce abin da mutane da yawa suka ce a ranar: "Ustaz, ni lafiyata ƙalau, a bar wa masu bukata." Na ce, "Don Sista." Ya ce, "Don Sista ko wuyana ne a yanka." Muka taka tare zuwa rumfar. Tazarar ba ta da yawa, amma ban taɓa yin tafiyar da ta kai ta tsawo ba. Na ɗaga masa zana ya shiga, na koma ƙofa na kama hannun na gaba.

Sakamakon kowa a kunnensa aka gaya masa, ni ban nema ba. Da yamma Sista Nawal ta zo sallama, Bashir yana tsaye a bayana. Abin da ta ce kawai shi ne ba a gida ɗaya aka samu ba, ba kuma a unguwa ɗaya ba, kuma duk gidan da aka samu an fara yi wa iyalinsa riga-kafi. Bashir ya juya ya fita. Kwana biyu bayan haka na ga yaran makaranta a famfo.

Ga 'yan'uwanta ma'aikatan lafiya, a nan da Hajj Abdalla da Kamlin da duk inda wannan rubutu ya kai, ba ni da abin da zan koya muku. Roƙo ne. Ku cika riga-kafinku, kada ku tsaya a ta farko. Kada ku fita ba tare da abin jefa allura ba, ko da gida ɗaya aka ce. In ta soke ku, ku wanke da ruwa da sabulu, ku faɗa a ranar, ku nemi magani a ranar. Masu iko da kayan aiki kuma su sani cewa akwatin kwali ba ƙaramin abu ba ne. Mu kuma mutanen hilla, mu zare alluran da ke jikin zanarmu mu kai rami. Tob ɗin yana nan a akwatin uwarta, an wanke shi, amma bakinsa bai saki alamar ƙullin ba.

Ga masu tambaya, wannan ce amsata ta ƙarshe. Sunan yana wurina, zai kuma shiga ƙasa tare da ni. Riƙe suna a baki abu ne da na daɗe ina yi.

Ya Allah, Ka ba wanda ta ambata lafiya, shi da duk waɗanda aka samu da ciwon, Ka tsare zuriyarsu, kada Ka ɗora wa zuciyarsa abin da ba shi ya aikata ba. Ka saka wa samarin da suka ƙi sauka daga mota, da abokan aikinta, da duk wanda ya miƙa hannu a rumfa. Ka ba uwarta haƙurin da ya fi nawa. Ka sanyaya zuciyar Usman da ta Bashir. Ka raya 'ya'yanta biyu, Ka sa su tashi suna jin harshen da ta saurari tsofaffi da shi. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa jinyar da ta yi wa bayinKa ta zama haske a gabanta.

Ya Allah, Ka jiƙan Amna.

Amna, 'yata.